Monitar da Ba Ta Nunawa Daga Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyara da sayar da kayan kwamfuta a Gaya, kuma ranaku da yawa sun shige sun ɓace mini. Amma ranar da wata tsohuwa ta shigo shagon nan da monita a ka, naɗe cikin zanen atamfa, har yau ta ƙi barin raina. Tunda maigida ya ce kowane babba ya ba masu koyo labari ɗaya daga aikinsa, wannan ne nawa. Ina gaya muku tun yanzu, ba ni ne gwarzon labarin ba.

Shekara uku ke nan da faruwar abin, da kaka, lokacin da ake tsakiyar cirar gyaɗa. Mu huɗu ne a shago a wancan lokacin. Maigida Alhaji Modu, wanda kakanninsa suka zo daga Borno da fatauci suka zauna a Gaya, shi ke sayo kaya daga Kano, shi ke kuma yanke hukunci a kan komai. Ni, Tasi'u, ni ne babban mai gyara, sai mutum biyu a ƙarƙashina. Ƙa'idar shago ita ce, duk monitar da za ta fita sai an kunna ta rabin awa, a cika fuskarta da ja, sannan kore, sannan shuɗi, fari da baƙi, a duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko wani layi. In ta wuce gwaji, sai a rubuta a kati, a ba mai saye garantin mako biyu. Idan ya dawo da ita a cikin waɗannan kwanaki aka sake gwadawa aka ga lafiyarta ƙalau, ba a karɓa. Ni na rubuta ƙa'idar da hannuna na manna a bango, kuma ina ji da ita ƙwarai.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, monita duk monita ce, baƙin gilashi mai kusurwa huɗu. A wurinmu ba haka ba ne. Gilashin da ke fitar da hoton, wanda muke kira fanel, iri-iri ne, kuma uku ne suka fi zuwa hannunmu. Akwai TN, mai sauƙin kuɗi, mai saurin sauya hoto, ba ya barin inuwa tana bin abin da ke gudu. Shi ya sa masu gem, wato wasan kwamfuta, irin na harbe-harbe suke son sa. Aibinsa ɗaya ne, sai ka fuskance shi kai tsaye. Ka kauce gefe launi ya koɗe, ka kalle shi daga ƙasa ya yi duhu. Akwai VA, wanda baƙinsa baƙi ne na gaske, yana da daɗin kallon fim, sai dai wani lokaci abin da ke motsi yakan ja jelar inuwa a wurare masu duhu. Sai IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa sosai ko daga ina ka tsaya, amma ya fi tsada, kuma masu araha daga cikinsu ba su kai TN sauri ba. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina. Sanin bai hana ni yin kuskure ba.

Wanda ya sayi monitar sunansa Malam Salisu, malamin firamare ne a Ajingi, gidansu a Toranke. Ba don kansa ya saya ba, don yayansa Auwalu ne. Auwalu direban bas ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ajingi da Kano. Wata damina taya ta fashe masa a hanya. Ya yi ta fama da sitiyari har ya kai motar cikin gona, fasinjoji duk suka fita da ƙafafunsu, shi kuma ƙashin bayansa ya taɓu. Tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Da abokansa na tasha suka ga yadda kwanciya ke cinye shi, sai suka haɗa hannu suka saya masa kwamfuta ta hannu da sitiyarin wasa, aka sa masa gem ɗin tuƙin bas, aka mayar da totur da birki kan maɓallan da ke jikin sitiyarin. Gidan yana da sola. Aka jona masa da tsohon talabijin ɗin nan mai doro, ya yi wajen shekara yana tuƙi daga kan gado, har talabijin ɗin ya ƙone.

Malam Salisu ya zo da abin da ya karanta a wayarsa. Ya ce, "Malam Tasi'u, an ce ta gem sai mai sauri. Wadda ta fi kowacce sauri nake so, ba na son Yaya ya ji an rage masa komai."

Na ce, "Ai ka zo gidan sauri." Na ɗauko masa TN mai inci ashirin da huɗu, na yi masa bayani da Turancin da ya fi ƙarfin buƙata, shi yana gyaɗa kai, ni ina ƙara kumbura. Tambaya ɗaya na yi masa: wane irin gem ne? Da ya ce na mota, sai na ce to ai magana ta ƙare, mota gudu take.

Ni da kaina na je Toranke na kafa ta. Ɗakin Auwalu yana cikin gida, gadonsa a can ƙurya, ƙofar kuma tana gefe, dab da bangon da ke fuskantar gadon. Na kafa monitar a saman wannan bangon, na karkata ta, na sunkuyar da ita har ta kalli idonsa sak. Har kaina na ɗora kusa da matashinsa don in tabbatar. Hoto tangaran. Ya yi dariya ya ce bai taɓa sanin akwai rubutu a jikin allunan hanyar ba sai yau. A shige da ficen da na yi, na tsallake wata 'yar kujerar katako a bakin ƙofa ya fi sau huɗu, ban ko dube ta ba. Na hau babur na dawo Gaya ina yabon kaina.

Kwana goma bayan haka, da hantsi, sai ga tsohuwar nan. Doguwa ce, siririya, fara, da ganin ta ka ga jinin Fulani. Ta yi sallama, ta sauke kayan a hankali kamar mai sauke ƙwai, ta kwance zanen. Ina ganin lambar katinmu a bayan monitar na gane ta. Na gaishe ta, na ce, "Inna, daga Toranke? Ta Auwalu ce wannan?"

Ta kawar da kai ta ce, "Ta wancan ce." Sannan ta ƙara, "Abin nan ba ya nunawa."

Na jona ta a kan teburin gwaji. Ta kawo tas. Ja, kore, shuɗi, fari, baƙi, rabin awa cur, ko ɗigo ɗaya babu. Na girgiza wayar wutarta, na taɓa bayanta ko tana zafi, na sa bidiyon mota tana gudu. Na juyo na ce, "Inna, taso ki gani da idonki."

Ta taso ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "A nan yana nunawa."

"To ai shi ke nan. Lafiyarta ƙalau."

"A can ba ya nunawa."

"Shi Auwalun ne ya ce ba ya gani?"

Ta koma kan benci ta zauna, ta naɗe hannuwanta a cinya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na fara yi mata karatu. Na nuna mata takardar da ke bango, wadda ba ta iya karantawa, na gaya mata ƙa'ida ba ta yarda a karɓi kayan da ba su da laifi ba. Na ce wataƙila batirin solarsu ne ya yi sanyi. Har na ce, cikin muryar da na ɗauka ladabi ce, idon manya yakan gaji, ba laifi a je a duba. Ba ta musa mini ko ɗaya ba. Ba ta kuma tashi ba.

Maigida yana zaune a kusurwarsa yana jin mu. Kun san shi, ba ya ɗaga murya. Ya kira ni da hannu, na matsa. Ya ce, "Tasi'u, ka dubi shekarun matar nan. Ta baro gyaɗa a gona, ta shiga mota biyu da wannan kaya a cinya. Kana ganin ta zo ne don ta yi maka ƙarya?"

Na ce, "Alhaji, ba ƙarya na ce ta yi ba. Amma gwaji ya nuna..."

Ya ce, "Gwajinka ya nuna Gaya. Ita maganar Toranke take yi. Sa ta a mota, ka ɗauki kayan ka bi ta."

Raina bai so ba, ba zan ɓoye muku ba. Ina da kwamfutoci uku a buɗe a kan tebur. Na ɗaure monitar a bayan babur ina gunaguni, ina tsara irin maganar da zan yi wa maigida idan na dawo da gaskiyata.

Na riga ta isa. Malam Salisu ya taso daga makaranta, shi ya shigar da ni. Abin da na tarar ya sa gunagunina ya tsaya. Auwalun da na bari yana dariya kwana goma da suka wuce, na same shi ya juya fuska bango. Ya faɗa, idanunsa sun shige. Sitiyarin yana ƙarƙashin gado, ƙura ta fara hawa. Kwanon abinci yana gefe a rufe, da alama ba a taɓa ba. Matarsa Rabi ta gaishe ni daga bayan labule, ta ce kwana huɗu ke nan sai dai ruwa da ɗan kunu.

Na mayar da monitar wurinta, na kunna, na sake ɗora kaina kusa da matashinsa. Hoto ras, kamar ranar farko. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Malam Tasi'u, an wahalar da kai a banza. Ba abin da ya same ta."

Na ce, "To me ya sa ka daina tuƙi?"

Ya ce, "Na gaji ne. Ƙato da ni, da gemu, ina wasan yara. Ai dole mutane su gaji da kallo."

Malam Salisu ya taɓa kafaɗata, muka fita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. A nan ya gaya mini abin da ban tambaya ba ranar ciniki. Auwalu ɗan fari ne, mahaifiyarsu Inna Dije kuma mai tsananin kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama kusa da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta ce a gaya wa wancan. Ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti a kwance, a tsakar gida ta tsaya, sai da dare ya yi aka ji kukanta a ɗakinta. Amma da aka kawo gem ɗin nan, sai ta ɗauko kujerarta ta ajiye a bakin ƙofarsa. Kullum bayan la'asar sai ta zauna da tiren gyaɗa ko wake, tana ɓara tana kallon talabijin ta gefe. Sai kuma ta fara magana, ba da ɗanta ba, da direban da ke cikin talabijin.

Malam Salisu ya ce, "Sai ka ji ta ce, 'Wannan direban yau gudu yake ji.' Shi kuma Yaya ya ce, 'A gaya wa fasinja hanya ce ta yi kyau.' Ko ta ce, 'Direban nan bai ga kwanar ba ne?' Wallahi Malam Tasi'u, a shekara ɗayan nan sun yi hirar da ba su yi ba a shekara talatin da biyar. Ta nan take sanin ko ya kwana lafiya, ta nan yake sanin ko ciwon ƙafarta ya motsa."

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Tun ranar da ka kafa sabuwar nan, ta yi shiru. Tana zuwa, tana zama, amma ko uffan. Kwana ɗaya, biyu, shida. Yaya ya yi ta tuƙi yana jira. Har da gangan ya rinƙa hawa gefen titi, ya daki allon hanya, ko za ta ce wani abu. Shiru. Sai ya ce Inna ta gaji da shi, ya zame mata kaya. Ya ce a cire. Ni kuma na ɗauka idonta ne, har na fara shirin kai ta Kano a duba mata yana."

"Ba wanda ya tambaye ta?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Mu ce mata me? 'Inna, me ya sa kika daina hira da Yaya?' Ai a wurinta ba ta taɓa hira da shi ba. Ranar da aka faɗi haka a fili, ranar za ta ɗauke kujerar."

A nan wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Malam Salisu, kai ka taɓa zama a kan kujerar ka kalli monitar?"

Ya ja da baya. "Kujerar Inna? Haba Malam! Wa zai zauna a wurin zamanta? Ko Rabi in za ta share wurin sai ta ɗaga ta da hannu biyu."

Ka ji inda matsalar take. Mutanen gidan duk a tsaye suke shiga ɗakin, su wuce wajen gado, su ga hoto mai kyau. Wuri ɗaya tak ba wanda ya taɓa kallo daga gare shi, saboda tarbiyya ta hana, kuma nan ne wurin da take.

Kafin nan Inna ta iso. Na same ta a tsakar gida tana alwala. Na durƙusa na ce, "Inna, ina neman izini. Aiki ne ya kama in zauna a kujerarki."

Ta dube ni, karon farko ido cikin ido. Ta ce, "Kai baƙo ne, ɗan nan. Zauna."

Kujerar ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Na zauna, na jingina da dokin ƙofa, inda bango ya yi santsi saboda yawan jingina, na ɗaga kai. Ban ga hanya ba. Ban ga sama ba, ban ga mota ba. Gilashin ya yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, sai wani dishi-dishi da ke motsi, inda ya kamata ya yi haske ya yi duhu, inda ya kamata ya yi duhu ya yi toka-toka. Daga ƙasa nake kallo, daga gefe kuma, wato daidai wurin da TN ya fi ƙi. Ni ne kuma na ƙara karkata ta zuwa gado da hannuna. Tsohon talabijin mai doro bai san wannan ba, ko daga ina ka kalle shi hotonsa ɗaya ne. Na tuna abin da na gaya mata game da idon manya, kunya ta rufe ni har na kasa tashi.

Na shiga na ce wa Auwalu, "Daga bakin ƙofa ba a ganin komai."

Ya ce, "Kada ka lallashe ni, Malam. Ga hoto nan ina gani."

Ba shi da halin tasowa ya duba. Sai na koma kan kujerar, na riƙe wayata daidai inda idon Inna yake kaiwa, na ɗauki hoto, na kawo masa. Ya karɓa. Ya dubi wayar, ya dubi bango, ya sake duban wayar. Ya daɗe sosai. Sannan ya tambaye ni.

"Haka take gani?"

"Haka."

"Duk kwanakin nan?"

"Tun ranar da na kafa ta."

Ya ce, "Kuma kullum sai ta zo ta zauna." Ya ja bargo ya rufe fuskarsa. Na kwance monitar a hankali na fita, don akwai kukan da bai kamata baƙo ya tsaya ji ba.

Da na koma Gaya na gaya wa maigida komai, ban rage ba. Ya ce, "To, ƙa'idarka ta ce ba a karɓar kayan da ba su da laifi. Monitar tana da laifi?" Na ce a'a. Ya ce, "To laifin na wa ne?" Na ce nawa. Ya miƙo mini katin ya ce in rubuta haka a gurbin da ake rubuta matsala. Na rubuta da hannuna: mai gyara bai duba ɗakin ba. Ya karanta, ya sa hannu, ya ce in zaɓi wadda ta dace, maganar bambancin farashi kuma kada in tayar da ita.

Muna da VA ɗaya da IPS ɗaya masu girman waccan. Zuciyata ta so VA, domin a gem ɗin akwai tuƙi cikin duhu da ruwan sama, kuma baƙinta zai yi wa Auwalu daɗi. Amma wannan karon ban yarda da abin da na haddace ba. Na ɗora su biyun a saman kantar shago, na karkata su, na je kusurwar shago na zauna a kan bulo, na ɗaga kai. Abokan aikina suka yi ta dariya, ɗaya ya ce ko babban mai gyara ya fara bara ne. Na ƙyale su. Daga kan bulon, VA tana nunawa amma launinta ya koɗe, duhun cikin motar ya zama hazo. IPS kuwa ta ɗan rage haske kaɗan, amma hanya hanya ce, sama sama ce, har farin layin tsakiyar titi ina gani. Na gwada saurinta da gem ɗin. Ba ta kai TN ba, gaskiya ne, amma bas ɗin fasinja ba harsashi ba ce. Abin da ya kamata in lura da shi tun ranar farko ke nan.

Washegari bayan azahar na koma Toranke. Na kafa ta ƙasa kaɗan da inda waccan take, ban kuma karkata ta gaba ɗaya zuwa gado ba, na raba tsakanin gado da ƙofa. Na sake neman izini, na fara gwadawa daga kujera kafin in je wajen matashi. Na goge wa Auwalu sitiyarinsa, na ɗaura masa a kan katakon da ke gicciye a gadon, Malam Salisu ya tayar da shi ya jingina. Ba ya son ya fara. Ya ce, "In kuma ba ta zo ba fa?" Na ce ni dai aikina ya ƙare, amma ban tafi ba. Na zauna a ƙasa ina naɗe wayar da na riga na naɗe.

Bayan la'asar muka ji takun Inna. Ta zauna, ta ajiye tire a cinya, ta fara ɓarar gyaɗa. Ba ta dubi kowa ba. Auwalu ya tayar da mota, ya fita daga tasha, ya hau babban titi. Hannunsa yana rawa, motar tana ɗan lilo tsakanin layi da layi. Minti biyar ba abin da ake ji sai ƙarar inji da fasa ɓawon gyaɗa. Minti goma. Na ga Malam Salisu ya sunkuyar da kai. Ni kaina ina cewa a raina ko dai na sake kuskure.

Sai ƙarar ɓawon ta tsaya. Ta ce, a hankali, tana kallon bango, "Wannan direban hannunsa rawa yake. Wanda bai ci abinci ba ai bai kamata ya ɗauki mutane ba."

Auwalu bai juyo ba. Ya sa sigina, ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya tsaya cak, ya ja birkin hannu, duk a tsanake kamar yadda direban kirki yake yi. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Rabi! Direba ya tsaya. A kawo tuwon nan." Sai ya ƙara da ƙaramar murya, "A kuma ba fasinja haƙuri. Direba ya zaci ta sauka."

Ta ɗauki wata gyaɗar ta fasa. Ta ce, "Fasinja ba ta sauka ba. Gilashin motar ne ya yi duhu."

Na tattara kayana na fita ban yi sallama da kowa ba. A kan babur, tsakanin Toranke da Ajingi, sai da na tsaya na share idona, kuma ba iska ce ta shiga ba.

To, ku masu koyo, ga abin da nake so ku ɗauka. Ku san TN da VA da IPS, ku san wanda ya fi sauri da wanda ya fi launi, wannan wajibi ne, kuma zan ci gaba da tsare ku a kai. Amma abin da ake rubutawa a jikin kwali an rubuta shi ne don mutum ɗaya, a kan kujerar ofis, shi kaɗai a gaban tebur. Mu a nan ba haka muke kallo ba. Muna kallo daga tabarma, daga gefen gado, daga bakin ƙofa, wani ma daga bayan labule, kuma sau da yawa wanda ya fi buƙatar gani shi ne wanda ba zai taɓa buɗe baki ya ce yana kallo ba. Kafin ku miƙa wa mutum monita, ku tambaye shi su wa ke zama a ɗakin, a ina kuma kowa yake zama. Idan ya dawo ya ce ba ta nunawa, kada ku kira shi ya zo inda kuke tsaye. Ku nemi izini, ku je ku zauna inda yake zaune.

Auwalu yana nan, ya murmure, har ya yi kumatu. Inna Dije har yau ba ta kira sunansa ba, ba kuma za ta kira ba. Kwanan baya Malam Salisu ya biyo shago sayen waya, na tambaye shi mutanen gida. Ya ce lafiya lau, sai dai fasinja tana da ƙorafi ɗaya, wai direban in hanya ta yi masa daɗi sai an yi da gaske yake tsayawa sallar magariba.